Yadda za ka san Māori daga bakin masu abin

A watan Nuwamba na 2024 wani bidiyo ya karaɗe wayoyin jama'a. Wata matashiyar 'yar majalisa a ƙasar Niyu Zilan, Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, 'yar ƙabilar Māori, ta miƙe ta yaga takardar wani ƙudiri, ta ɗaga murya da kirarin gargajiyarsu da suke kira "haka" (sunan ne kawai ya zo ɗaya da kalmarmu), 'yan'uwanta suka amsa, har aka dakatar da zaman. Da yawa sun kalla sun yi dariya sun wuce. Abin ya dame ni, domin bayan wannan kirari akwai ƙorafin da ya haura shekara 180. Idan kana son sanin su waye Māori, 'yan asalin ƙasar da suke kira Aotearoa, ga hanyar da nake ganin ta fi.

Mataki na farko, fara da kunne. Buɗe ƙamus ɗin harshen Māori mai suna Te Aka a intanet, kyauta ne, kuma yana da muryar da ke furta kalmomi. Harshen yana da wasula 5 da baƙaƙe 10 kacal, kuma kowace gaɓa da wasali take ƙarewa. A nan Bahaushe yana da sa'a. Yadda muke bambanta "gari" na zama da "gari" na tuwo ta hanyar jan wasali, su ma haka suke yi, sai dai su suna ɗora ɗan layi a kan dogon wasalin. Rubuta keke ka saurara, kek ne na ci. Rubuta kēkē, ka koma hammata. Haruffan "wh" kuma a yawancin yankuna kamar "f" ake faɗarsu, don haka whānau, wato dangi, "faanau" za ka ji. Ka riƙa ɗaukar kalma biyar a rana, kana maimaitawa da babbar murya.

Mataki na biyu shi ne mai nauyi, kada ka tsallake shi: karanta Yarjejeniyar Waitangi. An fara sa mata hannu ranar 6 ga Fabrairu, 1840, tsakanin wakilan Sarauniyar Ingila da sarakunan Māori, waɗanda daga baya suka haura 500. Gajera ce, sassa uku ne. Amma kwafi biyu gare ta, na Turanci da na Māori, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na Turanci ya ce sarakunan sun miƙa cikakken iko. Na Māori, wanda kusan dukansu shi suka sa wa hannu, ya ce sun ba da kāwanatanga, wato izinin gudanar da gwamnati, sannan ya tabbatar musu da tino rangatiratanga, cikakken ikon sarauta a kan ƙasarsu da garuruwansu da dukiyoyinsu masu daraja. Ka ajiye fassarorin biyu gefe da gefe, ka bi su layi-layi. Daga nan za ka gane dalilin fushin wannan 'yar majalisa, domin ƙudirin da ta yaga ya nemi sake fassara manufofin wannan yarjejeniya ne. Kundin Te Ara, wanda gwamnatin ƙasar ke kula da shi a intanet, ya yi bayanin wannan dalla-dalla.

Na uku, nemi rahotannin kotun sauraron ƙorafi ta Waitangi, wadda aka kafa a 1975. Suna da tsawo, amma a cikinsu ne za ka ji muryar dattawa. Fara da rahoton 1986 a kan harshe. Tsofaffi sun ba da shaidar yadda aka riƙa dukansu a makaranta saboda sun yi magana da harshen uwa. Duk wanda aka taɓa ci wa tara a aji don ya yi Hausa zai ji wannan a jikinsa. A 1972 aka kai wa majalisa koke mai sa hannun mutum sama da 30,000 na neman a koyar da harshen. A 1982 aka buɗe kōhanga reo ta farko, wato "sheƙar harshe", a unguwar Wainuiomata, inda kakanni ke zama da ƙananan yara ba a jin komai sai Māori. A 1987 doka ta mayar da shi harshen hukuma. Ni dai a ganina wannan dabara ta haɗa kaka da jika ita ce abu mafi daraja da mai karatu zai ɗauka.

Na huɗu, saurari abin da suke faɗa yau. Tashar talabijin ɗinsu, Whakaata Māori, ta fara aiki a 2004, kuma tana saka labarai a intanet. Kowane watan Satumba ana makon harshen Māori, lokacin da darussan koyo kyauta ke yawaita.

Gargaɗi ɗaya: zanen fuska da suke kira moko ba kwalliya ba ce, tarihin zuriyar mai shi ne. Kada ka kwaikwaya, kada kuma ka mayar da kirarin "haka" abin wasa.

Mataki na ƙarshe, koyi pepeha, yadda suke gabatar da kai. Mutum ba ya fara da sunansa. Sai ya ambaci dutsensu, ya ambaci koginsu, ya ambaci ƙabilarsa, sannan sunansa ya zo a ƙarshe. Wannan ne zai sa ka fahimci dalilin da ya sa a 2017 doka ta ba kogin Whanganui matsayi irin na mutum, da wakilan da ke magana da yawunsa. Ɗauki takarda ka gwada naka: Bakano ya sa Dala, mutumin Sakkwato ya sa gulbin Rima, sannan ka nemi kalmomin maunga (dutse) da awa (kogi) a ƙamus ka ji yadda ake furta su.