Yadda iyali za su kula da lafiyar ƙwaƙwalwar wanda ya fito daga gidan kaso a Damagaram

Ranar da aka sallami mutum daga gidan kaso, dangi sukan ɗauka cewa wahala ta ƙare, alhali makonnin farko na komawa gida suna cikin mafi haɗari a rayuwarsa. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2007 a kan fursunoni fiye da 30,000 da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya nuna cewa a sati biyu na farko haɗarin mutuwarsu ya kusa ninka na sauran jama'a sau 13, kuma shan ƙwaya fiye da kima ne ya fi kashe su, kashe kai ma yana cikin manyan dalilan. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, don haka iyalin da ke jiran nasu a unguwar Birni ko Zango ko Kara-Kara ya kamata su fara shiri tun ranar fita ba ta zo ba.

A ziyarar ƙarshe kafin sakin, a nemi ganin ma'aikacin lafiya na gidan kason, a tambaye shi ko mutumin yana shan wani magani, a rubuto sunan maganin da yawan da yake sha da lokacin shansa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015, sun tanadi cewa jinya ta ci gaba ba tare da yankewa ba, saboda haka ci gaban jinyar haƙƙinsa ne, ba roƙon alfarma ba. Maganin farfaɗiya da na taɓin hankali da na tarin fuka, duk ba a tsayar da su kai tsaye. A kuma yanke shawara a gida a kan ɗakin da zai kwana da mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin lura da shi, wanda yake jin kunyarsa kuma yake iya faɗa masa damuwarsa, ko kawu ne, ko yaya, ko inna.

Idan ya iso gida, a rage taron ƴan barka. Mai buɗa baki ba ya farawa da tuwo, da ruwa da dabino yake farawa, haka shi ma wanda ya daɗe a tsare yake bukatar jama'a kaɗan-kaɗan. Gaisuwar da ta dace gajera ce: "Sannu da zuwa, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan." A bar tambayar abin da ya faru a ciki har sai shi da kansa ya ɗauko zancen, kuma idan ya ɗauko a saurare shi ba tare da katse shi da wa'azi ba. Za a ga halayen da ba a san shi da su ba. Wani yana cin abinci da sauri yana kare kwano da hannu, wani yana ɓoye guntun burodi a ƙarƙashin tabarma, wani ba ya iya barci sai ya jingina bayansa da bango, wani kuma yakan tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran gardi ya ba shi izinin fita. Waɗannan dabarun zaman cunkoso ne, yawanci suna raguwa da kansu, kuma bai kamata yara su mai da su abin dariya ba. Abin da ke taimakawa shi ne tsari: lokacin tashi, salla a jam'i, abinci tare da mutanen gida, da ɗan aikin da aka san nasa ne.

Batun tramol yana bukatar magana a fili tun daren farko, domin a nan ne ake asarar rai. Wanda ya saba sha kafin a kama shi, sannan ya yi watanni bai sha ba ko ya rage, jikinsa ya daina jure yawan da yake sha a da. Idan abokan fada, wato majalisar samari, suka tarbe shi da adadin da suka san shi da shi, yana iya faɗuwa da jijjiga ko numfashinsa ya tsaya, musamman idan ya haɗa da giya ko ƙwayar barci. Wanda zai faɗa masa ya faɗa da tausayi, misali: "Ƙanena, jikinka na yau ba na bara ba ne, abin da kake sha a da yana iya kashe ka yanzu." Idan aka same shi a kwance ba ya farkawa, yana numfashi a hankali ko leɓunansa sun sauya launi, a kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a garzaya da shi asibiti.

Akwai alamomin da ba a jira su wuce da kansu. Idan ya kai sati biyu cikin baƙin ciki, ba ci ba barci, ya daina sha'awar komai, ko mafarkin abin da ya gani a ciki yana firgita shi kullum, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a yi wa majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, bayani dalla-dalla, shi ne zai tura shi babban asibitin ƙasa na Zinder idan abin ya fi ƙarfinsa. Idan kuwa yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko yana zargin ana sa masa guba, ko yana cewa gara mutuwa, to ranar za a tafi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari, da igiya, da tarin ƙwayoyi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Addu'a da ruƙiyya suna kwantar da zuciya, kuma ba su hana shan maganin likita, malami na gari ma shi ne zai ce a haɗa. Abin da nake roƙon iyalai su guje masa shi ne ɗauri da mari da kulle a ɗaki da duka da sunan fitar da iska. Mutumin da ya fito daga tsare, idan aka sake ɗaure shi a gidan ubansa, ciwon nasa ƙaruwa yake yi, amincewar da ta rage tsakaninsa da danginsa kuma ta tafi.

Bayan ya ɗan natsu sai a nemo masa abin yi, domin zaman banza da kunyar roƙon kuɗin shayi suna mai da mutum wurin da ya fito. Ba lallai ne a fara da babban jari ba. Zama a shagon ɗan'uwa a kasuwar Dole, koyon dukanci ko walda, ko aikin lambu wajen Mirriya sun isa a matsayin mafari. Zai yi kyau dattijon gida ya raka shi gaishe da mai unguwa da liman, don unguwa ta ga cewa gidansu ya karɓe shi. Mace da ta fito takan tarar da aurenta ya mutu, an raba ta da ƴaƴanta, saboda haka sasanta yadda za ta riƙa ganinsu yana cikin maganinta.

Maganin baƙin ciki yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne sai likita ya ce. A rubuta ranar komawa asibiti a karne, wato littafin asibiti, a ware kuɗin maganin wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba, kuma mai lura da shi ya sami wanda zai riƙa karɓarsa idan ya gaji.