Yadda ake cinikin tsohuwar Fijo 504 ba tare da an yanke ka ba

Tun ranar da na shigo unguwa da 504 dina abokai suka hanani sakat, nawa ka saya, a ina ka samo, nima ka nemo min. To bari in fada sau daya in huta, dan wallahi cinikin tsohuwar mota daban yake da cinikin 'yar Kwatano da zaka je wajen dila ka tarar da guda goma iri daya a jere kowacce da farashinta. Ita wannan babu wani tsayayyen farashi, kudinta yana bakin mai ita da kuma abin da ya karanta a fuskarka.

504 dai a Faransa ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, mu kuma nan kamfanin PAN ya fara hada Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma Turawa sun dade da daina yinta mu muna ci gaba da hadawa har bayan shekarar 2000. Wannan zancen zai yi maka amfani a wajen ciniki, dan in mai mota ya fara ce maka ai irinta ta kare a duniya, kai ka san an yi ta da yawa a kasar nan, bakanike ko na kauye ya san cikinta, kayan gyaranta kuma in ka shiga Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano baka rasa ba. Abin da ya yi karanci shine mai lafiyayyen bodi wadda ba a yi tasi ko jigilar Kano zuwa Jos da ita ba, wannan ita ce mai tsada kuma ta cancanci kudinta.

Kar ka je kai kadai, kuma kar ka je da daddare ko bayan an wanke ta tana sheki. Ka dauki bakanikenka, irin dattijon nan da ya girma a kan Fijo, yaran yanzu sai sun jona kwamfuta suke gane ciwon mota, ita kuwa wannan kafireta ce da kunne ake jinta. Ka ce kar a tayar da ita kafin ku zo, in ka dafa bonet ka ji dumi to akwai abin da ake boyewa. A tayar a gabanka, ka koma baya ka kalli salansa, hayaki mai shudi-shudi yana nufin tana shan bakin mai, ringi ya tafi kenan. Ka bude murfin bakin mai, in ka ga wani abu fari-fari kamar madara to ruwa na haduwa da mai, gasket ne ko abin da ya fi shi muni. Sannan ku hau titi a saka kowace giya har ribas, a taka birki, a saki sitiyari kadan a ga ko tana ja gefe.

Amma ni inji baya bani tsoro kamar tsatsa. Inji ana saukewa a gyara ko a sa wani, bodin da ya rube kuwa sai dai kai ta zuba kudi wajen fanel bita har ka gaji. Ka daga kafet din kasa wajen kafar direba, ka bude but ka dube kasansa, ka duba gindin kofofi da wajen da shokazoba ta gaba take daurewa. Ni har dan maganadisu nake zuwa dashi a aljihu, irin na tsohuwar sifika, in nade shi da kyalle in bi jikin motar dashi, duk inda ya ki kamawa to ciko ne aka cusa aka fesa fenti a kai. Wata da na je gani da farko, fara tas kamar amarya, maganadisun nan tun daga kofar baya har fitila ko sau daya bai kama ba, dillalin sai ya kama tari. Ka kuma tambayi inda motar ta yi rayuwarta, wadda ta zauna a Sakkwato ko Maradi bodinta yafi wadda ta sha damina da iskar teku a Legas ko Fatakwal.

Duk abin da kuka gani bakanike ya sa masa kudi ka rubuta a takarda, tayoyi hudu, batir, lagireto, kuloci, kujeru. Wannan takardar da ita zaka yi ciniki. A ce mai mota ya sa miliyan 3, lissafin gyara ya kama dubu 800, kai kuma tun daga gida ka yanke a ranka ba zaka wuce miliyan 2 da dubu 200 ba, to ka taya kasa da haka yadda zaka samu wajen hawa, amma ba tayin wulakanci ba. In ya ce albarka kar ka yi saurin karawa, yi shiru, mika masa takardar ya gani da idonsa. Mutane da yawa shirun nan ne basa iyawa, sai su kara da bakinsu tun ba a nema ba.

Wani abu kuma, kar ka kushe motar. Yawanci masu irin wannan dattawa ne, tsohon ma'aikaci da ya saye ta sabuwa a leda, da ita aka kai shi filin jirgi zai tafi Makka, da ita aka dauko amaren gidan. Kana cewa ai wannan gwangwani ce ciniki ya mutu ko nawa zaka bayar. Wanda na sayi tawa a hannunsa sai da muka yi kusan awa a zaure yana bani labarin yadda yake zuwa Maiduguri da ita ba ta taba ajiye shi a hanya ba, ni dai ina ta Allah sarki Baba, ai an ga alamar riko. Da muka zo maganar kudi nace Baba ni ba sayarwa zan yi ba, hawa zan yi in rike ta yadda kuka rike, ga abin da gyara zai ci ga abin da nake dashi. Ya ce albarka. Na yi godiya na tafi ban kara ko sisi ba, duk da raina na wajen, kwana uku sai ga kiran dansa wai Baba yace in dan kara wani abu in zo in dauka. Yabon kuma a yi shi da awo, in ka fara washe baki kana daukar hoto kana cewa irin ta babana ce sak, to ka karawa kanka kudi.

Dillali kuwa a yi maganar la'adarsa tun farko, nawa ne kuma wa zai biya, kuma ka dage sai ka zauna da mai motar ido da ido, dan wani sai ya dora nasa a sama sannan ya karbi la'ada bangare biyu. In ya ce maka akwai wani Alhaji daga Abuja da zai zo da kudi gobe, ce masa Allah ya sa Alhajin ya saya da alheri.

Kafin ka bada ko kafin alkalami ka hada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, in an canza inji a rubuta a yarjejeniya. In motar gado ce, wanda irin wadannan da yawa hakan suke, ka tabbatar duk magada sun yarda an sallama, kar ka gama fenti wani dan uwa ya dawo daga tafiya ya ce bai sani ba. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu kowa ya sa hannu, ka tura kudin ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda, sannan ka je ka yi canjin mallaka tun kafin ka kai ta gareji. Ranar daukowa kuma ka tafi da bakaniken da jarkar ruwa da igiyar ja, ni tawa a hanyar gida tiyon lagireto ya fashe.