Kurakuran da masu ɗauko iyali zuwa Saudiyya suka fi yi, da yadda ake gyara su

Yawancin wahalar da ke samun mai ɗauko iyali zuwa Saudiyya tun daga gida take farawa, kafin a hau jirgi a Kano ko Yamai. Ƙasa ce da muke ƙauna, ga Harami ga Masallacin Manzon Allah (SAW), shi ya sa wasu ke ganin zama a yi lissafi a kanta kamar rashin tawakkali ne. Alhali kuwa zaman matarka da 'ya'yanka gaba ɗaya a kan iƙamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, yake rataye. Idan iƙamarka ta mutu tasu ma ta sami matsala, idan aiki ya ƙare kowa sai ya tattara.

Babban kuskuren da ya fi cin mutane shi ne shigo da iyali da bizar Umra ko ta ziyara, da tunanin za a gyara daga baya. Bizar Umra ta ibada ce, ta ziyara kuma ta baƙunta ce mai wa'adi. Babu wadda ke ba da damar zama ko aiki, kuma makaranta iƙamar yaro take nema kafin ta yi masa rajista. Ranar da wa'adi ya cika, matarka ta zama takari. Ba za ta je asibiti hankali kwance ba, ganin motar 'yan sanda sai gabanta ya faɗi, ƙarshenta kuma tara ce da tarhil, wato kora zuwa gida, daga Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora. Wanda ke cikin wannan hali yanzu kuma wa'adin bai cika ba, ya mayar da su gida kafin ya cika, sannan ya nemi bizar zama ta iyali ta hanyarta. Kuɗin jirgin yana da zafi, amma bai kai zafin a hana su shigowa na shekaru ba.

Bizar zaman ma ba kowa ake ba ba. Sana'ar da aka rubuta a iƙamarka ake dubawa. Likita, injiniya, malamin jami'a da makamantansu hanyarsu a buɗe take, amma wanda aka rubuta masa lebura ko direban gida, galibi ba a ba shi izinin kawo iyali su zauna, ko da aikin ofis yake yi a zahiri. Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi sana'ar da ke kan bizar. Ka karanta kwantiragin Larabci, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, domin idan rigima ta tashi na Larabcin doka ke bi. Ka kuma tabbata abin da ke cikin Qiwa, manhajar gwamnati ta rajistar kwantiragin aiki, shi ne abin da kuka yi magana a kai, don alkawarin baki na dillali ba ya zuwa kotu. Wanda ya ce zai sayar maka da bizar da za ka yi aiki inda ka ga dama kana biyan kafili, wato wanda bizar ke ƙarƙashin sunansa, duk wata, haramtaccen abu yake sayar maka, kuma ranar da kuka saɓa zai iya rubuta cewa ka gudu.

Sai lissafin kuɗi, inda nake roƙon ɗan'uwa ya nutsu sosai. Mutum ya ji albashi da riyal, ya buga shi da naira ko sefa, sai ya ga ya zama attajiri. To a Jidda ko Riyad za ka kashe shi, da riyal. Tun watan Yulin 2017 aka ɗora kuɗi a kan wanda ke ƙarƙashin iƙamar baƙo mai aiki a kamfani mai zaman kansa. An fara da riyal 100 a wata, ana ƙarawa duk shekara, har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku ke nan zai biya 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, kuma ba za a sabunta iƙama ba sai an biya. Kuɗin iƙamarka da lasisin aikinka a kan mai aikin suke bisa doka, amma wannan na iyali a kanka yake, sai fa idan an rubuta a kwantiragi cewa su za su biya. Ga harajin saye da sayarwa na kashi 15 cikin ɗari. Ga haya, wadda sau da yawa ake nema a dunƙule, ta shekara ko ta wata shida, a yi mata rajista a Ejar, manhajar gwamnati ta haya. Tsoffin unguwannin Jidda da mutanenmu suka saba raɓawa cikin sauƙi, irin su Karantina da Sabil, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya cinye su. Idan yaran ba za su iya karatu da Larabci ba, ga kuɗin makarantar kuɗi. A ganina gyaran guda ne: ka zo kai kaɗai tukuna, ka wuce watannin gwaji, waɗanda kan kai kwana 90 har zuwa 180, ka ga albashi yana shiga a kan lokaci, ka kama gida, sannan ka aika musu. Kafin su zo ka tambayi ma'aikatarka inshorar lafiyarsu, don a kamfanoni masu zaman kansu haƙƙinsu ce.

Takardu kuma namu sakacin sananne ne. An ɗaura aure a ƙofar gida da waliyyai da shaidu, an raba goro, aure ya inganta a shari'a, amma babu takarda. Jami'in da zai duba buƙatarka takarda yake son gani, an fassara ta da Larabci, ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi, ofishin jakadancin Saudiyya ma ya buga. Haka takardun haihuwar yara. Ka jera su duka a gabanka ka duba sunaye harafi da harafi: Muhammadu a nan, Mohammed a can, ko matar tana ɗauke da sunan mahaifinta a wata takarda da sunanka a fasfo. Ƙaramin saɓani irin wannan yakan riƙe mutum watanni. Gyara shi a gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan Allah ya kawo ƙaruwa a nan, kada a tsaya ga shagalin suna. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Ka karɓi shaidar asibiti, ka fitar da takardar haihuwa a Ahwal, ofishin rajistar haihuwa, ka yi masa fasfo a ofishin jakadanci da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, sannan Jawazat, hukumar shige da fice, su sa shi a ƙarƙashinka. Akwai samari da 'yanmata a Makka da aka haifa aka bari ba takarda, sun girma ba makaranta ba aikin yi, kuma ba su san kowa a Kano ko Damagaram ba. Abin yana taɓa zuciya ƙwarai.

Akwai wani kuskuren da ba a rubuta shi a kowace doka, shi ne mantawa da halin da uwargida za ta shiga. Macen da ta saba da gidan yawa, da maƙwabta, da biki da suna, da 'yar sana'arta, an kawo ta an ajiye a bene na uku, miji ya fita da asuba sai dare, ba ta jin Larabcin kasuwa, zafi ya hana leƙa waje. Iƙamarta kuma ba ta ba ta izinin aiki ba, don haka sayar da abinci ko yin aikatau a ɓoye na iya jawo wa gidan duka fitina. Wasu mazan sai su ce ai tana kusa da Harami, me kuma take nema? Wannan ba adalci ba ne. Ka faɗa mata gaskiyar zaman tun tana gida, ta zaɓa da saninta. Ka nemi gida kusa da mutanenmu, ka haɗa ta da halƙar Alƙur'ani ta mata a masallacin unguwa inda za ta koyi harshe ta yi ƙawaye, ka bar fasfonta da iƙamarta a hannunta, ta san lambar wanda za ta kira idan wani abu ya same ka. Naka fasfon ma kada ka bar wa kafili, doka ta hana shi riƙewa.

Ranar tafiya, kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai kunyar mai shi, sai an buɗe an gani da ido. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, maganin asibiti mai ƙarfi kuma sai da takardar likita. Goro ma a bar shi a gida.

Idan iyalin za su je hutu, a fitar musu da bizar fita da dawowa ta manhajar gwamnati ta Absher, a rubuta ranar ƙarewarta a inda kowa zai gani. Kuma tun shekarar farko ka fara ware kuɗin jirgin komawar kowa a asusu dabam, kana adana sakamakon jarrabawar yara da hatimin makaranta. Kuɗin sallama da doka ta tanada rabin albashin wata ne a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata bayan haka, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa da wuri ba ya samunsa duka.