Kurakuran da ke kashe matatar ruwan gida a Jidda

Da wuya ka shiga gidan 'yan uwanmu a Jidda ko Makka ba ka ga matatar ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba, wadda Larabawa ke ce wa tahliya. Zuciyarta ita ce fatar da aka naɗe kamar tabarma cikin farin bututu. Shimfiɗar polyamide (wani nau'in roba) da ke samanta ba ta kai kaurin maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, amma ita ke tare gishiri. Irinta ce, manya-manya, ke aiki a tashar Rabig 3 ta Saudiyya mai tace ruwan teku mita kubik 600,000 a rana.

Babban kuskure shi ne sakaci da shama'ar gawayi (shama'a ita ce sandar tacewa da ruwa ke bi kafin ya isa fatar). Ana canza farar shama'a don ana ganin dattinta, a bar baƙar shekara biyu tunda ba ta nuna komai. Alhali ita ke shanye kulorin, kulorin kuwa cinye polyamide yake yi. Ni ma na taɓa cin wannan wuya: ruwa na zuba da ƙarfi ina ta murna, ashe fatar ce ta huje. Canza gawayin duk wata 6 zuwa 12. A wurin wankin ƙoda ba a wasa da wannan, domin zama ɗaya na awa 4 kan ci ruwa kusan lita 120, kuma kuloramin (ɗan uwan kulorin) da ya tsallake yana fasa ƙwayoyin jini.

Sai masu toshe siririn bututun da ke zubar da ruwa, wai asara ce. Wannan ruwan ne ke wanke gishiri daga fuskar fatar. Ka toshe shi, ta yi ɓawo ta daina aiki. Tara ruwan a bokiti, Hajiya ta goge tsakar gida.

Zafi ma fa. Fatar ba ta jure abin da ya wuce digiri 45, tankin saman soro kuwa a Agusta kamar ruwan shayi. Rufe shi da inuwa.

In ka dawo daga hutun Kano, zubar da ruwan da ya kwana a ƙaramin tankin matatar kafin a sha.

Kada kuma ka dogara da harshe. Sayi ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa: in famfo ya nuna 400, ruwan matatar ya haura 40, fatar ta fara gajiya.