Yadda ake ziyartar fada da tsofaffin gidajen Birnin Damagaram

Mutane da yawa an haife su a Damagaram, sun girma suna wucewa ta ƙofar fada, amma ba su taɓa shiga soro sun ɗaga kai sun dubi rufinsa ba. Ranakun da ake buɗe tsofaffin gine-gine ga jama'a, ko don ƴan lakwal ko don bikin al'adu, su ne lokacin cike wannan giɓi. Abu biyu za ka riƙe tun daga gida: wuraren nan akwai mutane a cikinsu suna rayuwa, kuma ginin ƙasa ne, ƙafa da hannu suna cinye shi.

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka je ƙofar fada ka tambayi dogarai lokacin buɗewa da iyakar inda baƙo ke kaiwa. Idan ayari ne, a sanar da Sarkin Dogarai yawan mutane, a kasa su goma-goma. Soron da aka gina don ƴan majalisa ba ya ɗaukar aji guda a tashi ɗaya. Na baya ba sa jin bayani, na gefe kuma sai su jingina da bango. Ka guji Juma'a da ranakun hawan Salla in dai gini kake son gani, domin dawakai da taro sun cika wurin. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi daɗin yawo. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka ka fara ƙarfe bakwai da rabi na safe, ka gama kafin sha ɗaya.

Guzurin ba shi da yawa: ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, takalmi mai sauƙin cirewa, waya mai fitila, da canji, wato takardun dala ɗari da na jaka guda, don ihsani ga wanda ya zagaya da ku. Maza su sa hula, mata su yafa mayafi. Ɗan kabu-kabu ya sauke ka a filin ƙofar fada, sauran tafiyar ta ƙafa ce, lungunan Birni ƙunci gare su kuma suna karkacewa tsakanin manyan duwatsu.

A fara da fada. Ginin na tsakiyar ƙarni na 19 ne, kuma sunan da za ka fi ji shi ne na Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a nan cikin garin. Ka yi wa dogari sallama, ka ce "Baba, barka da aiki", ka jira ya yi maka iso. Inda ka ga takalma a jere, cire naka. In aka yi sa'a Sarki yana zaune, a durƙusa daga nesa a ce "Allah ya ja zamanin Sarki", dogarai ne za su amsa. Ba a miƙa hannu. Hoto sai an tambaya, kuma ɓangaren iyali ba wurin baƙo ba ne ko da ƙofar a buɗe take.

Cikin soro ne ya kamata ka daɗe. Tsaya minti ɗaya idonka ya saba da duhu, sannan ka haska rufin. Itacen da ka gani a jere azara ce, tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kamar mita biyu, shi ya sa magina suke ɗaura ta kan juna hawa-hawa, su lulluɓe da laka, har ta tanƙwaro ta zama bakan gizo. Ƙirga bakan da suka haɗu a tsakiyar rufi: yawansu ke nuna gwanintar magini da darajar ɗakin. Dubi kaurin bango a bakin ƙofa, za ka ga ƙasansa ya fi samansa kauri ƙwarai. Tubali ne aka mulmula da hannu, aka shanya, aka jera shi kan tsaye. Wannan kaurin ne ke riƙe sanyin dare, ka shigo daga rana ka ji kamar an zuba maka ruwan randa.

A waje kuma ka dubi zankwaye a kusurwoyin rufi, da indararo da ke tura ruwan sama nesa da bango, da zanen da aka yi a fuskar gida tun yaɓe yana ɗanye. Inda ka ga bango ya yi duhu yana ƙyalli, wataƙila makuba ce, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa don ta kare yaɓe daga ruwa. Kada ka ƙanƙare shi da farce don ka gwada. Ɗan ramin da ka bari nan ruwa zai shiga da damina. Haka hawa kan rufi ko kan ragowar ganuwa don ɗaukar hoto: rufin yana iya zama lafiya a ido alhali azarar ƙarƙashinsa ta ruɓe. Wanda ya ga yadda ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Satumbar 2024 ya san wannan ba tsoratarwa ba ce. Tun 2006 unguwar Birni da fadar ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma yaɓen kowace shekara ne ke tsayar da gini.

Gidajen jama'a da aka buɗe, iyakar namiji baƙo zaure, sai in maigida ya ce a shigo. Mata kan wuce ciki da "gafaranku dai", su gaida uwargida: "Inna, mun same ku lafiya?" Tambayi dattijon gidan wane ne ya gina shi, da sana'ar kakanninsu. Amsar takan kai ka ga fataucin Sahara, ko zuwan Barth, matafiyi Bajamushe, a ƙarshen 1852, ko kashe sojan Faransa Kyaftin Kazamaju a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ko shekarun da Damagaram ta yi tana babban birnin ƙasa kafin a mai da shi Yamai a 1926. Rubuta abin da ka ji tare da sunan unguwar, don gida biyu kan ba da labari ɗaya ta fuska biyu.

In da sauran ƙarfi, bar unguwar Zango zuwa bayan la'asar. Gidajen attajiran can sun fi yawan zane, kuma rana in ta karkata inuwa takan fito da kowane layi na zanen, abin da hasken tsakar rana ke shafewa.