Yadda ake dasa gyaɗar Pinto ta rufe ƙasar lambu ruf

In kana da lambu ka san ciwon kan ƙasar da aka bari tsirara, rana ta busar da ita, ruwan sama ya zo ya kwashe ta, ciyawa kuma kullum sai ta leƙo. Maganin da na fi yarda da shi shi ne shuka mai yaɗo, kuma cikinsu gyaɗar Pinto na zaɓa. 'Yar uwar gyaɗa ce, masana na ce mata Arachis pintoi, asalinta daga Brazil, wani Geraldo Pinto ne ya fara tattaro ta a jihar Bahia a 1954 shi ya sa take ɗauke da sunansa. Tsayinta yawanci ba ya wuce kamar santimita 20, furenta rawaya ƙanana, ganyen huɗu-huɗu ne kuma da dare sai ka ga sun rufe kamar masu barci.

Toh abu na farko, kuma nan ne mutane ke faɗuwa, gyaran wuri. Ka tone ƙasar ka tsince saiwar kirikiri da aya-aya da hannu, ba wai ka kafce sama-sama ka tafi ba. Ni na yi wannan gangancin, ina sauri na dasa a kan kirikirin da ban tsince ba, wata biyu na dawo wallahi sai na durƙusa ina buɗa ciyawa kafin in ga inda shukar take. Ka zuba ruɓaɓɓen taki kaɗan ka cakuɗa, amma kar ka cika yuriya, ita wannan shukar da kanta take jawo naitirojin, wato sinadarin da yuriya ke ba shuka, daga iska ta saiwarta, yuriyar ciyawa kawai za ta ƙosar.

Sai dashe. Ka sami reshen da ya ɗan ƙosa ka yanka tsayin taƙi guda, ka tabbata akwai gaɓa uku ko huɗu a jiki don daga gaɓar saiwa ke fita. Ka kwantar da shi a karkace cikin ɗan rami, gaɓa biyu a ƙasa kan reshen a waje, ka danna ƙasa da tafin hannu. Tazara santimita 30 zuwa 40, in ka matsa su ta fi saurin haɗewa. Da yamma ake yi, farkon damina kuwa ya fi komai.

Ruwa kullum na sati biyu zuwa uku har ka ga sabon toho, daga nan ka rage.

Yanzu sai haƙuri, don gaskiya tana da nawa. Watanni ukun farko za ka yi ta cire ciyawa kana tunanin ko asara ka yi, alhali a lokacin saiwa take kafawa, rassan na bin ƙasa suna kamawa gaɓa bayan gaɓa. Wani wurin sai ta kai wata shida kafin ta rufe. Da ta rufe kuwa ciyawa ta rasa hasken tsirowa, ƙasa ta riƙe danshi, gangare ya daina zaizaya. Tana jure inuwa sosai shi ya sa ake saka ta ƙarƙashin bishiyoyi, dabbobi ma suna ci. A dai bar fili kamar taku ɗaya a gindin ƙaramar bishiya kar su yi rububin ruwa.

Da rani in ba ban ruwa ganye zai zube, kar ka tone, in dai ranin bai yi tsawo sosai ba ruwa na sauka take farfaɗowa.

Abu ɗaya da zan ja kunne: 'ya'yanta a cikin ƙasa take binnewa kamar gyaɗa, in ta zauna fitar da ita aiki ne ja. Kar ka dasa inda kake son yin kayan lambu baɗi, kuma ka kafa mata iyaka da bulo ko katako, duk reshen da ya tsallake ka datse shi da almakashi, shi ne ma irin da za ka dasa a wani gefen.