Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Kwalejin Al'umma a Amurka da Rassanta

Wanda zai rubuta tarihin wata kwalejin al'umma ta gwamnati a Amurka, wato makarantun nan na karatun shekara biyu bayan sakandare, ya fara yin hattara da shekarar da ke jikin tambarin makarantar. Tana iya zama shekarar da majalisar jiha ta yi doka, ko wadda mutanen gunduma suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, ko wadda aka fara shiga aji, kuma ba safai suke zuwa tare ba. A Dallas ta jihar Teksas, an kafa gundumar kwalejin a 1965, amma sai a 1966 El Centro, kwalejinta ta farko, ta buɗe ƙofa ga ɗalibai.

Don haka aikin farko shi ne jadawali. Kowane reshe a ba shi layinsa, da gurabe biyar: shekarar da aka amince a kafa shi, wadda aka mallaki fili, wadda aka fara darasi, wadda aka tare a matsugunin dindindin, da wadda hukumar tantance makarantu ta sa hannu. A ƙara gurbi na shida don shaida, wato wace takarda ce ta faɗa, a wane shafi. Gurbin da ba shi da takarda a bar shi fayau, kada a cike shi da ƙiyasi.

Gurbi na uku da na huɗu ne suka fi rikita mutane, domin yawancin kwalejojin nan a gidan aro suka fara. Northern Virginia Community College ta fara darasi a 1965 cikin wani sito da aka gyara a Bailey's Crossroads, sai a 1967 ta samu ginin kanta a Annandale. Ita kuwa Los Angeles City College, da aka buɗe a 1929, harabar da jami'ar UCLA ta tashi ta bari a titin Vermont ta gada. Shekarun gini daban, shekarun makaranta daban.

Sai a duba zamanin da aka haifi kwalejin, don shi zai nuna inda takardunta suke. Tsofaffin, a cikin makarantun sakandare suka tsiro. Joliet Junior College, wadda ake ɗauka ita ce ta fari, ta fara a 1901 da ɗalibai shida, bisa shawarar J. Stanley Brown, shugaban sakandaren garin, da William Rainey Harper na jami'ar Shikago. Kalifoniya ta yi doka a 1907 da ta ba makarantun sakandare damar koyar da darussan gaba da sakandare, Fresno ta fara cin moriyarta a 1910. Idan kwalejinka irin waɗannan ce, bayanan shekarunta na farko suna wajen hukumar makarantun gari, ba a ɗakin karatun kwalejin ba. Kwalejojin Los Angeles ba su rabu da hukumar makarantun birnin ba sai 1969. Waɗanda aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, labarinsu ya ratsa ta dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944, da rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 wanda ya yayata sunan kwalejin al'umma, da dokar 1963 da ta sa gwamnatin tarayya ba da kuɗin gine-ginen manyan makarantu. A shekarun 1960 kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa.

A jera duk sunayen da makarantar ta taɓa amsawa, kowanne da shekarunsa. Wadda ake kira Miami Dade College yau ta fara a 1960 da sunan Dade County Junior College, ta koma Miami-Dade Junior College, ta zama Miami-Dade Community College a 1973, sannan ta ɗauki sunanta na yanzu a 2003. Mai binciken tsofaffin jaridu da sabon suna kaɗai zai tsallake shekara arba'in da ɗoriya bai sani ba. Rassa ma haka suke: wanda ake ce wa reshen kudu yana iya komawa sunan unguwa ko na wani mai ba da gudummawa.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne tantance mene ne reshe. Allon da ke bakin ƙofa ba hujja ba ne. A ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta tarayya, kafin a kira wuri cikakken reshe sai ya kasance nesa da hedkwata, na dindindin, yana ba da darussan da ke kai mutum ga takardar shaida, yana da malamansa da shugabanninsa, kuma yana da ikon kasafin kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Wurin da bai cika waɗannan ba, amma ana koyar da rabin wani kwas ko fiye a cikinsa, ƙarin wurin karatu ne kawai. Akwai kuma tsari na uku, inda gunduma ɗaya ke riƙe da kwalejoji da yawa, kowacce da shugabanta da takardar tantancewarta, kamar guda tara na Los Angeles da guda goma na Maricopa a Arizona.

Wannan bambanci ba na fatar baki ba ne. A Dallas, kafin 2020, kwalejoji bakwai ne masu cin gashin kansu, kuma ƙa'idar hukumar tantancewa ta ce ɗalibi ya yi aƙalla kashi 25 cikin 100 na karatunsa a makarantar da za ta ba shi shaida. Wanda ya yi ɗan nan ɗan can tsakanin kwalejojin sai ya tarar ya gama darussa amma babu wadda za ta yaye shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka haɗe su a 2020 suka zama Dallas College guda ɗaya mai rassa bakwai. Wanda ya rubuta cewa an rufe kwalejoji shida a shekarar ya yi kuskure, haka ma wanda ya ce an buɗe rassa bakwai. Wasiƙun hukumar tantancewa ne ke raba gardama, kuma kwalejoji da dama suna sa su a shafinsu na intanet.

Daga nan a bi sawun kuɗi. Sabon reshe galibi da takardun lamuni ake gina shi, waɗanda masu zaɓe ke amincewa da su, a biya daga harajin gidaje da filaye. Ofishin zaɓen gunduma na da ranar ƙuri'ar, da adadin dalar da aka nema, da sakamako. Kada a manta da lamunin da suka faɗi a ƙuri'a, don su ne ke bayyana dalilin da fili ya yi shekara goma ciyawa na cinsa. Rubutaccen bayanin zaman kwamitin amintattun kwaleji a buɗe yake ga jama'a, ofishin rajistar filaye kuma zai nuna wanda ya sayar da ranar da aka yi. A Kalifoniya a riƙe shekaru uku: 1978 da aka zaftare harajin gidaje, 1984 da aka fara karɓar kuɗin makaranta dala 5 kan kowane kiredit (ma'aunin nauyin darasi), da 2000 da aka sassauta ƙuri'ar lamunin makarantu daga kashi biyu cikin uku zuwa kashi 55.

Alƙaluman ɗalibai suna IPEDS, rumbun bayanan manyan makarantu na gwamnatin tarayya, tun daga tsakiyar shekarun 1980, kafin nan kuma suna tsohon rumbun HEGIS. A zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kansa. Ƙidayar zangon kaka daban take da ta shekara guda, dukansu kuma daban suke da lissafin ɗalibi mai cikakken lokaci. Ga misali: mutum goma, kowa na ɗaukar kiredit 6 a zango, sun tara 120 a shekara mai zango biyu, a raba da 30, wato kiredit na ɗalibi mai cikakken lokaci a shekara, sai su zama ɗalibai huɗu. Masu gajerun kwasa-kwasan sana'a marasa kiredit ba sa shiga ƙidayar sam, shi ya sa adadin da kwaleji ke tallatawa kan zarce na rumbun nesa ba kusa ba. Kwalejin da ta fara ba da digirin shekara huɗu kuma IPEDS na mayar da ita sahun makarantun shekara huɗu, sai mai nema a jerin na shekara biyu ya zaci ta ɓace. A neme ta da lambarta ta UnitID mai alƙaluma shida, wadda ba ta bin canjin suna.

Hira da tsofaffin malamai da ɗalibai a bar ta ƙarshe, bayan jadawali ya cika. Su ne za su faɗi yadda ajin farko yake da wanda ya yi tsayin daka aka samu fili, amma shekaru kan cakuɗe musu. Duk shekarar da suka ambata a gwada ta da kundin darussan kwalejin na wannan zango, inda ake buga adireshin kowane wurin karatu, yawanci a shafukan farko.